Addu'ar Miji da Mata: Abin da Kunya Ta Hana Faɗa

  

Kun san yadda littattafanmu na soyayya suke ƙarewa. An sha gwagwarmaya, iyaye sun sauko, an ɗaura aure, motoci sun jeru an kai amarya, ƙawaye sun watse, sai marubuciya ta ajiye alƙalami. Mai karatu ta yi ajiyar zuciya ta ce Allah ya ba mu irin wannan. To amma fa ranar da aka rufe littafi, ranar ce ake fara zaman. Yau so nake mu leƙa gaba kaɗan, mu ga abin da ke riƙe aure bayan lalle ya goge, turaren ɗaki ya ƙare. Kuma a kan irin gidan da na tashi a ciki zan yi magana, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni Bahaushiya ce gaba da baya, kuma Kirista. Na san wata za ta zaro ido ta ce, "Au, da ma akwai?" Akwai mu kuwa, ƙawata. Idan kika bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, kika ratsa ƙauyukan ƙasar Kafur da Bakori, za ki tarar da gidajen manoma masu rumbuna a tsakar gida, tuwon masara da miyar kuka, gaisuwa da durƙuso, amma ranar Lahadi sai ki ga an yi wanka an nufi majami'a. Yawancin kakanninmu Maguzawa ne, masu bin al'adar gargajiya. Wasu suka musulunta, wasu suka karɓi addinin Kirista, shi ya sa a zuri'a ɗaya za ki sami mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, ana kuma cin tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti tare.

Cocinmu ita ce ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, bayan aikin mishan ɗin SIM da ya faro a ƙasar nan tun 1893. Akwai kuma 'yan Angilikan da 'yan Katolika. A 2023 ma aka ba 'yan Katolika na jihar Katsina yankin bishop nasu na kansu, aka naɗa Bahaushe, Bishop Gerald Mamman Musa, ya shugabance shi. Da Hausa muke sujada, da Hausa muke waƙa, Littafi Mai Tsarki kuwa tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa. Na kawo wannan ne don ki san cewa addu'ar da zan ba ki labari ba da wani baƙon harshe ake yin ta ba. Da harshen da ake faɗa da shi a tsakar gida, da shi ake roƙon Allah a cikin ɗaki.

Kafin a ɗaura aure a wurinmu, sai an yi kira a majami'a Lahadi uku a jere, ko akwai mai magana. Ranar auren kuma ango da amarya su tsaya gaban jama'a, kowa ya ɗauki alkawari da bakinsa cewa shi da wannan ɗin ne, da daɗi ba daɗi, da lafiya da ciwo, har mutuwa ta raba. Mace ɗaya, namiji ɗaya. Ƙawayena Musulmi da muka yi sakandare tare sukan tsokane ni su ce, "Ke kam kin huta, ba kishiya, ba takardar saki." Nakan yi dariya kawai. Kowa da tafarkinsa, kowane kuma da nauyinsa. Namu nauyin shi ne, ɗakin da aka rufe ƙofarsa, idan hayaƙi ya tashi a ciki, mutum biyun nan su ne za su kashe wutar, in ba haka ba su shaƙe tare. Na ga gidajen da ba a rabu ba, amma an shekara goma ba a yi hira ba. Shi yana zaure, ita tana madafa, yara ne 'yan aike. Wannan ba aure ba ne, zaman haƙuri da juna ne kawai.

To me ke hana aure ya koma haka? Abin da na gani da idona shi ne addu'ar da miji da mata suke yi tare, da murya, kowa yana jin kowa. Ban ce addu'ar da kowa ke yi shi kaɗai ba ta da amfani ba, tana da shi ƙwarai. Amma ta tare tana da wani sirri, kuma sirrin yana da alaƙa da halinmu na Hausawa.

Mu mutane ne masu kunya da kawaici. Innata, tun da nake ban taɓa jin ta kira sunan Babanmu ba, sai dai "Maigida". Babanmu kuwa, a ce ya dubi Inna ido da ido ya ce "na yi kuskure, ki yafe mini"? Tabɗi! Ai ya gwammace ya nome kadada guda shi kaɗai. Ba mugunta ba ce, haka aka rene su. Amma kullum bayan an ci tuwon dare an kwashe kwanuka, sai Baba ya ce a kawo fitila. A shimfiɗa tabarma, a yi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, wanda ya iya karatu a cikin yara ya karanta 'yan ayoyi, sannan a sunkuyar da kai. Ranar da suka sami saɓani, mu yara mun sani, don Inna ba ta cewa uffan, sai ƙarar kwanuka. Da an zo addu'a sai ka ji Baba ya ce, "Ya Ubangiji, ka san bawanka da saurin fushi. Yau harshena ya yi kaifi a kan baiwarka da ke wahala da mu. Ka gafarta mini, ka sanyaya mata zuciya." Shiru na ɗan lokaci. Can sai ka ji Inna ta ce "Amin" a hankali. Shi ke nan fa, an wuce wurin. Da safe za ki ga kunun Baba ya fi na kowa kauri.

Kin gane abin da ya faru? Da Allah yake magana, amma Inna tana ji. Abin da kunya ta hana shi faɗa mata, ya faɗa wa Mahaliccinsa a gabanta, girmansa bai zube ba, ita kuma an share mata hawaye. Kuma mutum ba ya iya yi wa Allah ƙarya da sauƙi kamar yadda zai yi wa matarsa. Ga wani abu kuma: Addu'ar Ubangiji da kowane yaronmu ya haddace, a cikinta mai neman gafara yana ɗaura tasa gafarar ne a kan wadda ya yi wa waɗanda suka ɓata masa. Yaya za ki furta wannan alhali kin ƙulle mutumin da ke durƙushe kusa da ke a zuciya? Ko dai ki saki fushin, ko bakinki ya yi nauyi. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, ya yi gargaɗi a kan kwana da fushi. Addu'ar dare ita ke tilasta wa mutum ya sauke kayan yini kafin ya kwanta. Harshe da haƙori ma ana saɓawa, abin gudu shi ne a bar ciwon ya kwana ya ruɓe.

A ƙasarmu ta noma, aure yana da lokutan jarrabawa guda biyu a shekara. Na farko tsakiyar damina, wajen watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ga bashin taki, ga zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara. Na biyu kuwa, ki yi mamaki, kaka ce. Lokacin da aka casa masara, aka cire auduga da waken suya, aka loda buhuna zuwa kasuwar Dandume ko Funtuwa, kuɗi suka shigo aljihun maigida a dunƙule. Matan Zumunta sukan ce yunwa ba ta cika kashe aure ba kamar ƙoshi. A lokacin ne wani zai tuna da gidan burkutu, wani ya sayi babur ba shawara, wani ya fara daɗewa a gari. Matar da ta yi shuka da shi, ta kai masa abinci gona, ta yi roron wake har bayanta ya ƙage, ba ta ma san buhu nawa aka samu ba.

A gidan da ake addu'a tare, da wuya a yi wannan ɓoyon. Babanmu idan zai yi godiyar kaka yakan ambaci abin da aka samu buhu-buhu, ya ce ga na zakka da za a kai majami'a, ga na ci, ga na makarantar yara, ya roƙi Allah ya ba su hikimar sarrafa sauran. Inna tana ji, mu ma muna ji. Wanda ya lissafa wa Allah amfanin gonarsa a gaban iyalinsa, da wane ido zai dawo gobe ya ce babu?

Bari in ba ki labarin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana. Na yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma da izininta nake faɗa, sai dai ba zan kama suna ko gari ba. An yi mata aure da wani manomi mai natsuwa, ɗan ƙungiyar mawaƙa a cocinsu. Shekara ɗaya, biyu, uku, shiru, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. A ta huɗu magana ta fara fitowa. Surukarta ta daina amsa gaisuwarta da sakin fuska. Facalolinta, in ta aiki ɗan wata, sai a ce, "A bar yaro ya huta, wanda bai haifa ba bai san zafi ba." Baffan mijin, wanda har yanzu yake kan al'adar gargajiya, ya kira shi zaure ya ce, "Kai ɗan nan, gonar ubanka wa za ka bar wa? Ka ƙaro mata, in coci ta kore ka ta kore ka." Domin a wurinmu wanda ya ƙara aure akan sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi cin Jibin Ubangiji da riƙe wani muƙami a ekklisiya.

Mijin ya shiga wani irin shiru. Ya dawo gona, ya ci abinci, ya juya wa bango fuska. Addu'ar dare ma ta koma ta sama-sama, daga baya aka daina. Yayata ta ɗauka ya gama yanke shawara ne, kunyar faɗa mata yake ji. Ta rame ta yi baƙi, har ta fara ɗaure kayanta kaɗan-kaɗan tana aikowa da su gida a ɓoye. Da ta je wurin matar fasto ta fashe da kuka, Mama ba ta ce mata ta yi ta haƙuri kawai ba. Cewa ta yi, "'Yata, yaushe rabon da ku durƙusa tare?" Ta ce an fi wata uku. Mama ta ce, "To yau ki shimfiɗa tabarma, ki ce masa ke za ki yi, in ya ga dama ya zauna. Kada ki yi masa habaici a cikin addu'ar, Allah ba ɗan aike ba ne. Ki faɗi abin da ke cikinki tsakani da Allah."

Haka ta yi. Ta ce wa Allah tana jin tsoro, ta gaji da gori, kuma tana ƙaunar mijinta, ba ta son ta zama sanadin baƙin cikinsa. Ta ce tana cikin yi sai ta ji motsi, ashe ya sauko daga gado. Da ta yi shiru sai ya karɓa, muryarsa tana rawa. Ya ce, "Ya Uba, ka san ban taɓa sha'awar wata ba. Tsoro nake ji kada matsalar daga wurina take, in tsare 'yar mutane a banza, ƙuruciyarta ta wuce." Allah sarki! Wata uku tana zaton kishiya yake shirin yi mata, shi kuwa yana zaton ita ce za ta gudu ta bar shi. Ɗaki ɗaya, gado ɗaya, kowa yana dakon tsoronsa shi kaɗai.

Bayan kaka suka sayar da buhu biyu na masara suka tafi asibitin koyarwa na Shika, kusa da Zariya, aka auna su su biyun. Ki riƙe wannan, ƙanwata: rashin haihuwa yakan zo daga wajen namiji kamar yadda yakan zo daga wajen mace, don haka gwaji na mutum biyu ne. Abin da likita ya faɗa musu sirrinsu ne. Abin da na sani shi ne, da suka dawo mijin ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya durƙusa ya ce, "Inna, don Allah kada a sake ɗora wa matata laifi a gidan nan. Ni da ita abu ɗaya ne." Ya kuma je ya ba Baffa haƙuri cikin ladabi, ya ce shi ya riga ya yi alkawari a gaban Allah.

Na san kina jira in ce bayan wata tara aka haifi 'yan biyu. A littafi da haka zan rubuta. A zahiri kuwa, yau shekararsu tara da aure, haihuwa ba ta zo ba tukuna. Suna riƙon 'yar ƙanen mijin, tana aji uku a firamare, suna shan magani, suna ci gaba da roƙo. Mijin yakan tuna mata da Ishaku a Littafin Farawa, wanda ya roƙi Allah saboda matarsa Rifkatu, sai bayan shekara 20 da aure suka sami haihuwa. Amma ki je gidan ki ga yadda suke hira a gindin darbejiya da yamma, ki ga ƙibar da ta yi. Addu'a ba ta ba su ɗa ba har yanzu, amma ta mayar musu da juna.

Wani abin da ya ƙara nuna mana darajar wannan ɗabi'a shi ne rashin tsaron da ya addabi yankinmu. A watan Mayun 2021 'yan bindiga suka shiga cocin Katolika ta Malumfashi da dare, suka kashe Fada Alphonsus Bello. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Musulmi da Kirista, babu wanda masifar nan ta ƙyale. Mazan da suka tafi neman kuɗi kudu ba su da halin jin muryar iyalinsu. Na san wata maƙwabciyarmu da suka yi alkawari da mijinta tun kafin ya tafi, cewa kullum ƙarfe tara na dare kowa zai durƙusa inda yake ya ambaci ɗan uwansa. Ta ce mini, "Auta, in lokacin ya yi, ji nake kamar yana ɗakin." Tsoro yakan sa mutane su huce haushinsu a kan na kusa da su. Masu kai tsoron gaban Allah tare, su kan ƙara manne wa juna ne.

Sai dai akwai gyara a maganar, kuma ina so 'yan mata su buɗe kunne. Addu'a ba bargo ba ce da za a lulluɓe zalunci da ita. Idan miji yana dukan matarsa, ko ya bar ta da yara ba ci ba sha yana gidan giya, kada wani ya ce mata "je ki yi ta addu'a" ya tsaya a nan. Ta yi addu'a, ta kuma buɗe baki ta gaya wa iyayenta da dattawan ekklisiya da shugabannin Zumuntar Mata, in abin ya kai ga barazana ga ranta ta matsa gefe tukuna, a kai magana gaban hukuma. Alkawarin har mutuwa ba izini ba ne a kashe ki. Haka kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ba ta maye gurbin taki a gona. Hausawa suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Kuma kada a mayar da ita sanda. Matar da za ta ɗaga murya tana cewa "Ya Allah ka shiryi wannan azzalumin" don maƙwabta su ji, faɗa take yi, ba roƙo ba.

Ku kuma ƙannena da ba ku shiga ba tukuna, tun a waje ake gane tulun da zai yi yoyo. Ku yi hattara da samarin da ke zuwa da "na yi addu'a, Allah ya nuna mini ke ce matata." Ki ce masa madalla, bari ni ma in tambaya, tun da Allah bai ɓata da ni ba. Ki ba kanki lokaci, ki gama karatunki, ki shawarci iyaye. Ki lura da shi: yana iya cewa "na yi laifi"? Yaya yake yi wa mahaifiyarsa da ƙannensa magana? Iya zuba addu'a mai tsawo a gaban taro ba shi ne shaida ba, wani gwanin baki ne kawai. Kuma kada ki yarda da wanda zai ce ku keɓe a ɗaki da dare wai ku yi addu'a, a yi ta a zaure inda ake ganinku. Kafin a sa rana ku je a auna jininku, a duba cuta mai karya garkuwar jiki da kuma rukunin jini na amosanin jini. Idan ke AS ce shi ma AS, kowane ciki da za ki ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Gara a yi kuka kafin aure da a yi ta yi bayansa.

Ga matan aure kuma, ba sai an yi dogon shiri ba. Minti biyar ya isa. Ki fara da godiya a kan abin kirki guda ɗaya da maigida ya yi a ranar, ki ambace shi ya ji. In ya ƙi zama yau, kada ki yi fushi, gobe ma rana ce. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙawayena Musulmi da suka daure suka karanta har nan, na gode. Hanyar ibadarmu ta bambanta, amma na tabbata kun gane abin da nake nufi, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Allah ya zaunar da na ciki lafiya, ya ba na waje abokan zama na gari, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, ya ba masu nema haihuwa mai albarka, amin.